Wasiƙa daga Mancesta: hoton da za ku turo min

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na Sakkwato. Ina gajiya, ya hunturu? Madalla.

Tun da na sa zanen wata yarinya a Facebook saƙonni ba su yanke ba: nawa ne, kwana nawa ake yi, ta yaya zai iso gida. Duk zan taɓo, amma bari in fara da abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, wato hotunan da kuke turowa.

Yarinyar 'yar wani ɗan'uwanmu ce da ke aiki a nan, ita kuwa tana Runjin Sambo wajen mahaifiyarta, rabonsa da ita shekara biyu. Hoton da ya fara ba ni ya bi ta waya uku a WhatsApp, kuma duk lokacin da aka tura hoto ta wannan hanya sai an matse shi. Ga filta an sa mata, fuska ta yi fari fes, kumatu sumul kamar an goge. Na buɗe shi a kwamfuta, ido ya zama ɗigo biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don yarinya baƙa kyakkyawa aka mayar wata daban.

Na ce a roƙi mahaifiyarta ta fito da ita inuwar dogon yaro da hantsi, ta kashe fitilar waya, ta durƙusa daidai tsawonta, ta ɗauki kamar guda goma da ɗan gajeren bidiyo. A bidiyon na ga yarinyar. Giɓi ne da ita a sama, ga ɗan tabo a gira ta hagu, kuma in za ta yi dariya sai ta karkata kai. Kwallin ma ya ɗan zarce a gefen ido, na bar shi yadda yake.

Fuskar yaro tana da nata lissafi. Goshi yana da faɗi, haɓa ƙarama, idanu suna sauka ƙasa da inda na babba suke zama. Ka ɗaga su kaɗan kawai, ka tsufar da 'yar shekara shida. Fatarmu kuma ruwan ƙasa kaɗai ba ya fito da ita. A goshinta na sa shuɗi, saboda hasken sama da ke sauka a wurin, a kumatu ja, ƙarƙashin haɓa kuma ruwan ɗorawa da ya taso daga atamfarta.

Sai sanyi. Jama'a, a Disamba rana tana faɗuwa a nan kafin ƙarfe 4, kuma yawanci hadari ne tun safe. Launin da na haɗa a hasken lantarki, gari na wayewa sai in tarar ya canza. Fentin mai kuwa iska yake sha kafin ya bushe, sanyi da danshi suna ja masa rai. Shafe ɗaya sai in yi mako ina jira, ina taɓawa da ɗan yatsa yana danƙo. Nakan tuna watan Afrilu a gida, zafi ya haura digiri 40, fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi. Matasanmu masu zane a Mabera da Arkilla, hasken nan da kuke samu kyauta tun safe har la'asar, ku more shi.

Kuɗi ya danganta da girma, mu yi wannan ta waya. Aikowa gida kuma da takardun kwastan, sai wata wasiƙar.

Uban ya zo ranar Asabar. Ya daɗe tsaye da rigar sanyi bai cire ba, sannan ya nuna girar ya ce ranar da ta faɗi a bakin ƙofa shi ya ɗauke ta. Na hana shi taɓawa, don bai gama bushewa ba. Sai Fabrairu zai ɗauka.

A gaida mutanen gida. In za ku turo hoto ta WhatsApp, ku turo shi a matsayin fayil, wato "Document", don kada a matse shi.

Naku,
ɗan'uwanku a Mancesta