Saƙon Godiya Bayan Kammala Horon Ma'aikatan Ruwa da Tsafta a Gusau

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, a madadin abokan aikina da muka halarci horon ma'aikatan agaji kan ruwan sha, makewayi da tsafta da aka kammala a Gusau, ina miƙa godiyarmu ga duk wanda ya sa hannu har abin ya yiwu.

Malamanmu su ne a gaba. Ba su tsaya ga karanta mana ƙa'idojin Sphere na ayyukan agaji a duniya ba, wato aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, kada nisan wurin ɗiba ya wuce mita 500, sannan makewayi ɗaya ga mutum 20. Sun fita da mu fili, sun sa kowa ya haɗa sinadarin kulorin da hannunsa, ya zuba a bokiti, ya jira minti 30, ya auna ko ragowarsa ta kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da muka samu, domin a makarantu da kangwayen da 'yan gudun hijira suke cunkushe, ruwan da kulorin ya yi wa kaɗan ba ya hana amai da gudawa, wanda kuma ya yi wa yawa, warinsa yakan kori mutane su koma shan ruwan tafki. Mun kuma koyi cewa dole ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, abin da ake yawan sakaci da shi idan jama'a suka kwararo cikin dare.

Ina ƙara gode musu da suka tuna mana cewa kulorin ba ya cire gubar dalma. Duk ɗan Zamfara da ya san ɗaruruwan yaran da aka rasa sakamakon wannan guba a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ya san nauyin wannan magana, ya kuma san dalilin gwada ruwa a kusa da wuraren sarrafa ma'adinai.

Muna godiya ga ƙungiyar da ta ɗauki nauyin horon, da jami'an lafiya da na ruwa da suka ba mu lokacinsu, da iyayenmu masu unguwanni da suka buɗe mana ƙofa. Godiya ta musamman ga iyaye mata da suka bari muka duba randunansu da jarkokinsu duk da halin da suke ciki. A wurinsu muka fahimci cewa makewayin da ba shi da ƙofa mai sakata ko haske, mace ba za ta je shi da dare ba.

An nuna mana darussan kyauta a intanet, irin na dandalin Agora na UNICEF da na wani dandali mai suna Kaya, kuma mun ji daɗinsu. Sai dai yawancin ƙauyukan da muke aiki ba su da sabis mai ƙarfi, saboda haka muna roƙon a buga mana muhimman darussan a takarda, a kuma sake tara mu kafin faɗuwar damina, lokacin da kwalara ta fi tashi.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da 'yan uwanmu gidajensu lafiya, ya zaunar da Zamfara lafiya. Amin.