Yadda na kulle faifan SSD ɗina a kan Linux

Sana'ata a Damagaram ita ce buga takardu da adana su ga masu buƙata: takardun filaye, kwafin katin ɗan ƙasa, da kundayen kammala karatu na ɗalibai. Dukkansu suna cikin faifan SSD guda mai shiga ta USB, wanda nake sakawa a aljihu in hau kabu-kabu daga Birni zuwa shago. Kalmar sirrin kwamfuta ba ta kare irin wannan faifai ko kaɗan, domin duk wanda ya tsince shi ya jona a wata na'ura zai karanta amanar mutane kai tsaye.

Na zaɓi LUKS, tsarin kulle faifai ta hanyar rikita bayanan ciki, wanda Clemens Fruhwirth ya ƙirƙiro a 2004, wanda ake sarrafawa da manhajar cryptsetup. Da farko na kwashe komai zuwa wani wuri, saboda umarnin luksFormat yana raba mutum da abin da ke cikin faifan. Na duba jerin faifai da lsblk kafin in jona shi da kuma bayan na jona, tun da harafi ɗaya ne tsakanin sda da sdb, sunayen da Linux ke ba faifai, kuma kuskure a nan yana iya cinye faifan kwamfutar kanta. Manhajar ta nemi in rubuta YES da manyan haruffa, na shigar da kalmar sirri, na buɗe faifan, na shimfiɗa masa ext4, tsarin jera fayiloli na Linux. Wannan ɓangare bai ɗauki lokaci ba.

Inda na daɗe ina tunani shi ne kan zaɓen kalmar. A garinmu allunan rubutu iri biyu ne ke yawo: AZERTY na Faransanci, da QWERTY na kwamfutocin da ake kawowa daga Kano. Wurin A da Q, da na Z da W, da na M da lambobi duk sun bambanta, don haka kalmar da yatsu suka haddace a kan allo ɗaya za ta iya ƙin buɗewa a kan ɗayan. Na haɗa doguwar jimla ta Hausa wadda nake riƙe da haruffanta a ka, na kuma guji ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowace na'ura ce ke fitar da su ba.

Ainihin makullin yana zaune ne a farkon faifan, cikin wani sashe na kimanin megabayit 16 a LUKS2, wato zubi na biyu na LUKS. Idan wannan sashe ya lalace, kalmar sirri ba ta da sauran amfani, shi ya sa na ɗauki kwafinsa da luksHeaderBackup na ajiye a gida. Tsarin yana da guraben makulli har 32, sai na ƙara kalma ta biyu na damƙa wa yayana a rufaffiyar ambulan.

Da zan ba wani shawara, zan ce ya kulle faifan tun yana sabo, domin SSD yana rarraba rubutu a ƙwayoyinsa ta yadda burbushin tsofaffin bayanai kan iya saura. Windows kuma ba ya buɗe LUKS da kansa. Wanda aikinsa ke kai shi kwamfutocin wasu, VeraCrypt, wata manhajar kulle faifai da ke aiki har a Windows, ta fi dacewa da shi. Ni a kan Linux kaɗai nake aiki, kuma kafin in zare igiya nakan sauke faifan in rufe shi da cryptsetup close, musamman a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa.