Yadda Nake Rubuta Zanen Ƙayar Kifi Bayan Hatsari a Masana'anta

Idan aka kira ni binciken hatsari a wurin aiki, abin da nake fara shimfiɗawa a allo shi ne zanen ƙayar kifi, wato zane mai siffar ƙashin kifi da ake jera dalilan matsala a kansa, wanda Kaoru Ishikawa, malami a Jami'ar Tokyo, ya yaɗa a Japan cikin shekarun 1960. Zana shi ba wuya. Aikin yana wajen rubuta shi yadda wanda bai zauna da mu ba zai ɗauka bayan shekara guda ya gane abin da ya faru.

Kan kifin, inda ake rubuta abin da ya faru, nake fara gyarawa. A wata masana'antar shinkafa da na yi wa aiki, abin da suka rubuta shi ne "ma'aikaci ya ji ciwo". Wannan bai isa ba. Sai da muka mayar da shi haka: ƙarfe 2:40 na dare, bel ɗin inji na biyu ya kama yatsu biyu na hannun dama, yayin da ake cire ɓuntun da ya toshe, inji na kunne. Lokaci, wuri, abin da ya faru, aikin da ake yi. Ba sunan kowa, ba kalmar laifi. In hatsari biyu ne, zane biyu za a yi, don haɗa su yana cakuɗa dalilai.

Daga nan sai manyan ƙayoyi shida: mutane, inji, tsarin aiki, kaya, awo, da yanayin wuri. Ba na tilasta wa kaina cika duka. Wadda babu komai a kanta, sai na rubuta "an duba, ba a samu ba".

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne hujja. Kowace ƙaramar ƙaya nakan sa mata harafi: T in ta tabbata, Z in zato ce, K in an bincika an kore ta. Kusa da harafin akwai lambar shaida: hoto na 4, shafi na 17 a littafin gyara, ko bayanin shaida na 2. Wadda aka kore ba na goge ta, nakan ja mata layi ɗaya in rubuta dalili, domin in ba haka ba wani zai sake taso da ita a zama na gaba.

A wancan binciken, ƙarƙashin "mutane" an rubuta "sakaci", kowa ya gyaɗa kai. Nan ne mafi yawan zane ke mutuwa. Sai na bi da tambayar "me ya sa" a jere, irin dabarar kamfanin Toyota. Me ya sa hannu ya kai ga bel? Murfin kariya ba ya nan. Me ya sa? An cire shi saboda injin yana yawan toshewa, ga noti huɗu da sai an kwance kowane karo. Me ya sa yake toshewa? Shinkafar tana shigowa da danshi, na'urar awon danshi kuma ta lalace. Me ya sa ba a kashe wuta ba? Makunnin yana can wani ɗaki, babu kwaɗon kulle shi. Kalma ɗaya ta fashe ta koma ƙayoyi huɗu a rassa uku.

Na kuma koyi cewa kada shugaban sashe ya zauna lokacin da masu aikin dare ke bayani. Da zarar ya shigo, baki yake mutuwa.

Kafin a goge allo nakan ɗauki hotonsa, in sa kwanan wata, lambar zane da muƙaman waɗanda suka halarta. Sannan kowace ƙaya mai T tana samun layi a jadawalin gyara: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe. Masu Z kuwa nakan ba su mako guda, ko a kawo shaida ko a ja musu layi.