Kiɗa a cikin kangon Pompeii

Jiya bayan isha'i na zauna na kalli fim ɗin wasan da Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, suka yi a Pompeii, wallahi har yanzu abin bai bar min zuciya ba. A watan Oktoban 1971 aka ɗauke shi, cikin tsohon filin wasan Rumawa a Pompeii ta Italiya, garin nan da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Kuma ba ɗan kallo ko ɗaya fa, ba tafi ba ihu, su huɗu ne kawai sai ma'aikata da lasifikoki jere da wayoyi birjik a ƙasa, rana tana dukansu.

Wurin da ya fi kama ni shi ne inda David Gilmour ya zauna dirshan cikin ƙura ba ko riga, jita a cinyarsa yana goga mata ɗan ƙarfe tana kuka kamar mutum, can baya kuma Roger Waters yana dukan wani ƙaton faifan ƙarfe iya ƙarfinsa. Sai Nick Mason mai ganga, ana tsakiyar kiɗa sanda ta suɓuce masa daga hannu, ya zaro wata bai ko tsaya ba, sai da na mayar da wurin baya sau uku.

A 2025 aka gyara hoton, mawaƙi Steven Wilson ya sake haɗa sautin, aka fitar da kundin waƙoƙin daban. Shi nake ji tun safe, ƙanina ya leƙo yana cewa Yaya wai waƙar nan ba ta ƙarewa ne, na ce zo zauna ka ji Echoes, doguwar waƙarsu, daga farko.