Saƙon Godiya Bayan Kammala Tamburan KiCad

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan aiki lafiya. Ranar Asabar ɗin da ta gabata muka saki sababbin tamburan da muka daɗe muna zanawa domin manhajojin KiCad, muka kuma ɗora su a kan kwamfutocin ajin yamma inda ake koya wa matasa zanen allon lantarki. Jama'a sun amsa gayyata, an yi addu'a, an watse lafiya. A wurin taron bakina bai iya faɗin rabin abin da ke raina ba, shi ya sa na zauna in rubuta, domin duk wanda ya sa hannu ya san ba a manta da shi ba.

Ga 'yan'uwan da suka yi ta tambayar abin da ya ɓoye ni haka, ga bayani a taƙaice. In ka buɗe rediyo ko cajar waya za ka ga wani allo, galibi kore, mai siraran layukan tagulla. Kafin masana'anta ta buga shi sai an zana shi a kwamfuta, kuma KiCad na cikin manhajojin da ake wannan zane da su, kyauta, ba a biyan ko sisi. A cikinta akwai Eeschema da ake zana taswirar da'ira, da Pcbnew da ake shimfiɗa allon kansa, da GerbView da ake duba fayilolin da za a tura masana'anta, da wasu ƙanana irin su kalkuleta da mai mayar da hoto ya zama abin da za a ɗora a allo. Kowacce tana da tambarinta, wato ɗan hoton nan da ake latsawa manhaja ta buɗe. Su muka zana. In kuma fayyace tun yanzu: namu ba na masu KiCad ba ne, ba su suka sa mu ba. Nasu suna nan da kyansu, an ma sake musu fasali a fitowa ta 6 a Disambar 2021, har da masu dacewa da fuskar kwamfuta mai duhu. Namu ƙari ne na sa-kai, domin mai raunin gani da mai tsohuwar kwamfutar da launinta ya koɗe.

Yabon gwani ya zama dole, don haka zan fara da mutanen da ba su san ina duniya ba. Jean-Pierre Charras, malamin jami'a a Grenoble ta ƙasar Faransa, shi ya fara KiCad a 1992. A 2013 cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba ta sa ma'aikatanta cikin aikin, kuma ta hannunsu aka samu dabarar nan da in kana jan layin tagulla sauran layukan ke matsawa su ba shi hanya. A 2019 aikin ya shiga ƙarƙashin inuwar Linux Foundation, Wayne Stambaugh kuma ya daɗe yana jan ragamarsa. Abin da ya fi taɓa ni a lamarinsu shi ne lasisin GPL da suka saki manhajar a kansa, wanda ke ba kowa damar dubawa da gyarawa da rarrabawa. Asalin zanen kowane tambari nasu yana nan ajiye a fayil ɗin SVG, wato irin fayil ɗin da ke riƙe zane a matsayin layuka ba ɗigo ba, kowa na iya saukewa ya buɗe ya ga yadda aka jera layi kan layi. Ban taɓa shiga ajin zanen tambari ba, a cikin waɗannan fayiloli na yi karatuna. Haka masu Inkscape, manhajar da na yi zanen da ita, wadda masu sa-kai ke riƙe da ita tun 2003. Allah ya saka musu, ya ƙara musu basira.

Sai Malam, mai ajin yamma, wanda tunanin ya fito daga bakinsa. Shi ya lura cewa in ya haska kwamfutarsa a bango da majigi, 'yan layin baya ba sa bambance abin da ya latsa, sai darasi ya tsaya ana ta "wanne, Malam?" Bai ce a sayo sabon majigi ba, don ya san babu kuɗin. Cewa ya yi a nemo hoton da zai jure wa majigin da ake da shi. Malam, ka ba ni aiki, ka kuma ba ni ɗalibanka su zama alƙalaina, ba ka taɓa nuna gajiya ba duk sanda na katse maka darasi. Kai ne kuma ka raba gardamar rizista, ɗan kayan nan da ke rage gudun wuta a da'ira. Na so in sa alamarta a tambarin taswira, sai ka tuna mana cewa alamar iri biyu ce a duniya: Amurkawa suna zana ta da layi mai zigizag, tsarin IEC da Turai ke bi kuma ɗan akwati ne dogo, KiCad ma duka biyun tana da su a rumbunta. Duk wadda muka ɗauka, wani ɗalibi zai ga ba irin ta littafinsa ba ce. Ka ce a ɗauki alwatikar amfilifaya, wato alamar abin da ke ƙara ƙarfin sigina, wadda kusan duk wanda ya taɓa buɗe littafin lantarki ya santa. Ita muka sa, kuma ko da ba don dalilinka ba, alwatika ta fi zigizag jure ƙanƙancewa nesa ba kusa ba.

Maganar ƙanƙancewar nan ita ce wahalar aikin gaba ɗaya, kuma ina so in tsaya a kanta domin a san nauyin abin da ƙanwata ɗalibar ajin ta ɗauka. Ƙaramin girman da tambari ke fitowa a kwamfuta ɗigo 16 ne a tsaye, 16 a kwance, ɗigo 256 ke nan duka-duka. Babban da macOS, tsarin kwamfutocin Mac, ke nema kuwa 1024 ne kowane gefe, ya haura ɗigo miliyan ɗaya. Ana so mutum ya ga wannan ya ga wancan ya ce abu ɗaya ne. Da yawa suna zaton tunda zanen SVG ba ya fashewa in an ja shi, sai a zana babba kawai a matse. Ba ya yiwuwa. Layin da bai faɗa daidai kan ɗigo ba, kwamfuta raba shi take yi tsakanin ɗigo biyu, baƙi ya koma toka-toka, layukan tagulla uku su narke su zama tabo ɗaya. Dole ƙananan, na 16 da 24 da 32, a sake zana kowanne daban, ana ƙirga ɗigo yadda mai ɗinkin hula ke ƙirga zare, ana zubar da duk abin da ba dole ba.

To, wa zai faɗa maka cewa abin da ka zubar bai tafi da ma'anar ba? Kai mai zanen ba za ka iya ba, don idonka ya riga ya san abin da ka nufa. A nan yarinyar nan ta shigo. Ta zaɓi kwamfutar da ta fi kowacce dusashewa a ajin, duk sabon ɗalibin da ya zo sai ta zaunar da shi ta ce, "latsa wanda kake ganin da shi ake zana allo." Ba ta nuna masa, ba ta gyara masa, sai dai ta rubuta inda hannunsa ya fara zuwa. Daga littafinta muka gane cewa tambarin Pcbnew da na GerbView suna rikita mutane, domin dukkansu allo suke nunawa. Ita ta kawo shawarar mu shafe su duka da baƙi ƙirin, mu ga ko siffar gefensu kaɗai za ta bambanta su. Daga nan fasalin ƙarshe ya fito: na taswira takarda ce a tsaye da alwatika a tsakiya, na allo murabba'i ne mai yankakkiyar kusurwa ɗaya, da layin tagulla guda mai kauri da ya karya kwana mai digiri 45 irin yadda ake jan layi a allo na gaske, ya ƙare a zagayayyen gurbin dalma, na GerbView kuma faifai uku ne a goce, ɗaya bisa ɗaya, tunda shi aikinsa nuna allo hawa-hawa. Ƙanwata, rabin wannan aiki naki ne, kuma na faɗa a gaban jama'a, ina sake faɗa a nan. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa ki fi mu.

Akwai kuma yayana mai gyaran waya, wanda ya yi abin da ba kowa zai iya ba. Da na kai masa gwajin farko, mai layi ja a kan koren allo, ya duba ya daɗe, sannan ya ce da ni a hankali shi fa bai ga layi ba. A ranar na san bai cika bambance ja da kore ba, abin da abokan sana'arsa ma ba su sani ba, yana aikinsa da mita da ƙwarewa. Wannan lalura gado ce, ta fi kama maza, a Arewacin Turai an ƙiyasta kusan 8 cikin 100 na maza suna da ita. Da ya yi shiru ya ce ya yi kyau, da mun saki abin da shi da irinsa ba za su amfana da shi ba. Saboda shi muka mayar da layin ruwan ɗorawa mai haske a kan kore mai duhu sosai, ta yadda ko an cire launi gaba ɗaya bambancin haske zai riƙe hoton. Ya ba ni izinin faɗin wannan ba tare da suna ba. Yaya, na gode da amanar da ka ba ni.

Wasu sun so a yi wa tamburan ado, a sa inuwa da ƙyalli irin na manyan kamfanoni. Na ji shawararku, na kuma san don ƙauna kuka ba da ita, amma ban ɗauka ba, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. Inuwa tana cin ɗigo biyu ko uku daga cikin 16, a tsohuwar fuska kuma datti take zama. Ina roƙon kada wanda ya ji an watsar da shi.

Injiniya abokina shi ya ɗauki ɓangaren da ba a gani. Kowane tsarin kwamfuta da irin kunshin da yake karɓa: Windows fayil ɗin ICO take so, mai ɗauke da girma daban-daban har zuwa 256 a ciki, macOS tana son ICNS, Linux kuma tana bin ƙa'idar freedesktop, inda ake jera hotunan a jakunkuna gwargwadon girmansu ƙarƙashin hicolor. Ya rubuta ɗan umarnin da ke fitar da duk waɗannan daga zanen asali a bugu ɗaya, ya kuma haɗa da tamburan fayiloli, domin fayil ɗin taswira da na allo su bambanta tun a cikin jaka kafin a buɗe su. Tun ranar farko ya buɗe mana ma'ajiya a GitLab, wani shafin ajiyar aiki a intanet, ya ce duk abin da aka zana a tura can kafin a kwanta.

Amfanin hakan ya bayyana lokacin da jarrabawa ta zo. Ana tsakiyar aiki wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare, ta ƙona caja, ta tafi da kwamfutata. Ita ce abin neman abincina, ba ta wannan aiki kaɗai ba, kuma ba zan ɓoye ba, na shiga damuwa ƙwarai. Zanen bai ɓata ba ko ɗaya. Amma hannun da zan ci gaba da shi fa? Baba maƙwabcinmu, wanda ban taɓa yi wa bayanin KiCad ba, ya aiko jikansa da kwamfutar ɗansa da ke karatu a wani gari, ya ce in riƙe har Allah ya hore mini tawa. Ya kuma buɗe mini zaurensa in riƙa caji a solarsa. Baba, ban da abin da zan biya ka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ina godiya ga bayin Allah biyu daga ƙasashen waje da ban taɓa gani ba, waɗanda suka gwada tamburan a kan Mac tunda babu mai ita a cikinmu. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini cewa tun fitowar macOS mai suna Big Sur a 2020 tamburanta suka koma murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi, don haka namu sun fi na kusa da su girma a jere. Ya aiko da ma'aunin, muka gyara.

Hajiyarmu, addu'arki ce jarina. Ba ki taɓa tambayar ko aikin zai kawo kuɗi ba, kullum sai dai "Allah ya yi albarka." Uwargida, kin yi haƙuri da fitilar da ba ta mutuwa da abincin da ke hucewa, kuma ke ce kika fara cewa kalkuletar da na zana ta yi kama da wayar hannu, aka sake ta. Ɗaliban aji, masu shara da jera kujeru ranar taro, da wadda ta kawo zoɓo da cincin ba tare da an roƙe ta ba, duk na gani, na gode.

Mun saki tamburan a kan lasisin CC BY-SA 4.0, ma'ana kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya rarraba, muddin ya ambaci asali ya kuma bar nasa gyaran a buɗe kamar yadda ya samu. Saura na manhajar tsara shafin zane, wanda girmansa na 16 bai gamsar da mu ba tukuna, da kuma gwaji a kan fuska mai duhu a Windows. Duk mai raunin gani, ko mai kwamfutar da ta tsufa, da zai iya ɗora su ya gaya mana abin da ya gani da abin da bai gani ba, muna nemansa, ya same mu a ajin kowace Asabar bayan La'asar.

Wanda na manta ban ambata ba, ya yafe mini. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya bar zumunci. Amin.

Wassalamu alaikum.