Zinarin Bagega

Yau a tashar mota nan Sakkwato na ci karo da ɗan maƙwabcinmu, saukarsa ke nan daga Bagega ta ƙasar Anka a jihar Zamfara. Muna gama gaisawa ya kwance wani ɗan ƙullin leda, ya ce, "Kawu, duba abin da Allah Ya ba ni." Zinari ne, ƙanana kamar tsabar gero. Ni kuwa idona na kan hannunsa, tafin duk ya tsage, ƙurar dutse ta cika ƙarƙashin farce. Yana ta ba ni labari cikin murna, injinan niƙa ba sa hutawa, ga masu shayi da masu cajin waya, ga baƙi har daga Nijar.

Gabana ya faɗi, don na san wannan ƙurar. Bagega ƙauyen manoma ne kafin zinari ya yi tsada jama'a su kwararo. Dutsen wurin haɗe yake da dalma, a da a cikin gidaje ake daka shi inda yara ke rarrafe. A 2010 gubar dalmar ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka shigo ceto, Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Allah Ya jiƙan yaran nan. Ban ga laifin mai shiga rami ba, neman halaliyarsa yake yi. Amma wallahi ina jin tsoro kada a sake kai wannan daka cikin gida.