Wasiƙa daga Houston: yadda ake ja wa murhun gashi bututun gas

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya.

A nan Houston, jihar Texas, gidaje da yawa ba sa sayen tukunyar gas. Ta bututu kamfani yake turo iskar, ta bi ta mita, a biya ƙarshen wata. Shi ya sa masu son gashin nama a filin da ke bayan gidajensu suke ja wa murhunsu bututu, su huta da jigilar tukunya, ko gas ya ƙare baƙi na zaune nama bai gasu ba. Kwanakin baya aka yi aikin a gidan da nake haya, na tsaya na sha kallo.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa sai an buga waya lamba 811, kyauta ne. Ma'aikata su zo su fesa fenti a kan ciyawa, su kakkafa 'yan tutoci don nuna inda bututu da wayoyi suke binne: ruwan ɗorawa na gas, ja na lantarki, shuɗi na ruwan sha. Sai izinin hukumar gari, sai mai aikin famfo mai lasisi. Ya haƙa rami mai zurfin inci 18, ya shimfiɗa bututun roba da siririyar waya a gefensa. Na tambaye shi amfanin wayar, ya ce na'urar bincike ba ta jin roba, da wayar za a gano wurin nan gaba. Inda bututun ya ɓullo sama kuwa ƙarfe ne, da makulli dab da murhu. Bai binne ba sai da ya ɗura iska ciki, ya maƙala agogon awo, sufeto ya zo ya ga allurar ba ta sauka ba. Mahaɗan ƙarshe ruwan sabulu ya shafa musu yana duban kumfa.

Gas ɗin bututu fa daban yake da na tukunya. In aka ƙona ma'auni ɗaya na kowanne, zafin da na tukunya yake bayarwa ya ninka na bututu fiye da sau biyu, don haka kafofin murhunsa sun fi tsukewa, dole a sauya su in za a koma na bututu. Na tukunya in ya zurare a ƙasa yake kwanciya, na bututu sama yake yi. Kuma tukunya in ka manta da ita a kunne za ta ƙare, bututu kuwa babu ranar ƙarewarsa.

Warin da ake ji ma zuba shi ake yi. A 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London, nan Texas, ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Daga nan jihar ta wajabta sanya masa wari.

Ina tuna bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2020. Masana'antu da tashoshin wuta aka fi nufa da shi, amma ranar da reshensa zai shigo unguwanni, wa zai duba aikin kafin a binne?

Tsire kam, ku yi haƙuri, har yanzu gawayi nake hura masa. Na gas yana gasuwa tsaf, ƙamshin hayaƙin ne babu.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Houston